Sunan da Na Bayar a Kogon Tattabaru

Ƙarfe biyar da rabi na yamma muka ɗauki baƙin ƙarshe na ranar. Mutum tara ne, yawancinsu Jamusawa tsofaffi, sai wata mata 'yar Holan mai jar hula da ba ta ajiye waya. Mijina Lefteris ya ja igiyar injin ɗan jirgin ruwanmu, ni kuma na bi su da rigunan ruwa ina yi musu murmushin da nake ajiye wa baƙi.

Aikinmu ke nan shekara ashirin a wannan lungu na Mani. Mu zagaya da su gaɓa su ga hasumiyoyin dutse, su yi iyo, mu ƙare da Kogon Tattabaru. A bazarar nan sai ga manyan jirage biyu daga garin gaba, masu kiɗa da giya, suka kwashe mana mutane. Ni kuwa ba a yi mini haka in zauna. Na fito da abin da ba su da shi: waƙar makoki.

A wajenmu in mutum ya mutu, mata ne ke kewaye gawa. Ɗaya ta saki gashi ta ɗauki waƙa, tana ƙaga ta nan take, ta kira shi da suna, sauran suna amsa mata da nishi. Wadda ta fi kusa da mamacin tana da ikon karɓar waƙar daga bakin kowa. In aka kai ƙarshe aka ce masa "sauka lafiya" sau uku, sai maza su ɗaga akwatin gawa. Mahaifiyata Garifaliya ta yi shekara sittin tana wannan, har daga ƙauyuka bakwai ake aiko jaki a ɗauke ta. A gindinta na koya.

Ranar da ta ji abin da nake yi a kogo, wake take ɓarewa a bakin ƙofa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Stamata, ba a buɗe waƙa babu gawa."

"Haba Mama, ai ba na sa suna. In na zo wurin sai in tsallake."

"To wa zai cike gurbin?" Ta jefa ɓawo a kwano. "Mai kunnen jakin nan ne ya sa ki, ko?"

Lefteris take nufi. Ɗan birni ne daga Pireyas, shekara talatin da aurenmu amma har lokacin baƙo take ce masa. Na ce mata ni na sa kaina, kuma gaskiya na faɗa. Ina son tafin da baƙi ke yi mini. Ina son yadda ƙartin Jamusawa ke share ido ba su san me na ce ba.

Da muka iso bakin kogon rana ta kusa taɓa ruwa. Lefteris ya kashe inji ya ɗauki filafili, don ciki ba a shiga da hayaniya. Muka sunkuya muka wuce ƙarƙashin dutse. Sanyi ya tare mu. Warin kashin tattabara, warin gishiri, da ɗan sauran warin man inji da muka shigo da shi. Ruwa na ɗiga daga sama, ɗis, ɗis.

Sai na lura babu tattabara ko ɗaya. Kullum in muka shigo sukan tashi buu a kanmu har baƙi su yi ihu.

"Ina 'yan gidan suka tafi?" in ji Lefteris a hankali.

"Sun ji za ka yi magana," na ce. Ya yi dariya.

A tsakiyar kogo ya tsayar da jirgi. Na kashe tocila, na kwance kallabi na saki gashi. Na ɗauki waƙa. Muryata ta hau rufin dutse ta dawo mini ta fi yadda na sake ta. Na yi maganar gidan da aka rufe, da itacen zaitun da babu mai tsinkarsa. Na iso wurin suna. Na yi shiru numfashi biyu, kamar kullum.

Aka amsa.

Ba amsa-kuwwa ba ce. Na san amsa-kuwwar kogon nan kamar muryar mijina. Wannan nishi ne na mata da yawa, a tare, daga hagu, can cikin tsagar da ko hannu ba ya shiga sosai.

Warin wurin ya canza. Kakin kyandir. Ganyen ɗoɗɗoya da ake sa wa gawa a ƙirji. Jiƙaƙƙen ulu.

Wata murya ta ce, kusa da kunnena, cikin irin harshen kakanninmu: "Ba ni in karɓa, 'yar Garifaliya."

Bakina ya rufe da kansa.

Ta ɗauka daga inda na tsaya. Tsohuwar murya ce, busasshiya, amma gwana. Ta yi maganar baƙon da ya zo daga birni da akwati ɗaya. Ta yi maganar tabon ƙugiya a babban yatsansa. Sannan ta cike gurbin.

"Lefteris," in ji ta. Sauran suka amsa.

Na kunna tocila. Baƙi duk sun ɗaga wayoyi, suna waige-waige suna neman inda muka ɓoye lasifika. Mai jar hula ta raɗa mini, "Kai, abin ya yi kyau!"

Na haska bayan jirgi. Lefteris ya zauna. Filafili ya zame daga hannunsa yana shawagi a gefe. Fuskarsa ta koma kalar toka, gumi na bin wuyansa.

"Stamata," ya ce da ƙyar. "Hannuna ya mutu. Me ya sa kika yi shiru?"

Ba ya jin su. Shi kaɗai ne a jirgin ba ya jin su.

Waƙar na tafiya. Ta wuce gida, ta wuce jirgi, ta zo kan matar da zai bari. Na san abin da ke biye.

"Sauka lafiya," in ji tsohuwar.

Ɗaya.

Kansa ya faɗi a kan ƙirji.

"Sauka lafiya."

Na miƙe tsaye har jirgi ya tangaɗa, na ƙwala da duk ƙarfina: "Ni ce matarsa! Ku ba ni!"

Tsit. Ko ɗigar ruwan ta tsaya.

Sun ba ni. Doka ce, su ma suna binta. Amma wadda ta karɓa dole ta kai ƙarshe, kuma dole da suna.

Na kira mahaifina, wanda ya rasu shekara goma sha ɗaya. Ba wadda ta amsa. Muryar ta ce a kunnena, ba fushi ba komai, "An riga an yi masa waƙarsa."

Na kira ƙanena da teku ya ci.

"An yi masa."

Numfashin Lefteris ya koma kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

Na buɗe baki in faɗi nawa sunan. Wallahi na buɗe. Harshena ya ƙi. Ba su suka hana ni ba, tsoro ne, nawa na kaina, kuma ba zan yi ƙarya a kansa ba.

Sai na ce a raina: shekararta tamanin da shida. Ta ci zamaninta. Haka na ce, Allah ya gani.

"Garifaliya," na ce.

Kogon gaba ɗaya ya amsa. Daga hagu, daga dama, daga ƙarƙashin ruwa. Kamar sun daɗe suna jiran a ambace ta.

Na yi mata waƙa. Na faɗi tafin ƙafarta da ya tsage a hanyar dutse, da gishirin da ta kwasa a kan duwatsun gaɓa ta ciyar da mu, da marin da ta yi mini ranar da na kawo ɗan birni gida. Ban taɓa yin waƙa mai kyau irin wannan ba. Hawaye na shiga bakina. Na ce mata sauka lafiya sau uku, da bakina.

Ɗis. Ruwa ya ci gaba da ɗiga.

Lefteris ya yi tari, ya ɗago kai yana murza hannu. Baƙi suka ɓarke da tafi. Na ciro filafili daga ruwa na tuƙa mu waje ban waiga ba.

Ko ɗaure jirgi ban tsaya yi ba. Na bar shi da baƙin a mashigi na hau matakalan ƙauye da gudu, ni da gwiwar da likita ya hana hawa. Magariba ta yi, ana jin ƙamshin soyayyen kifi daga gidaje. Ina addu'a ina tuntuɓe.

Tana zaune a bakin ƙofa. Da ranta.

Amma ba da rigar da na bar ta ba. Ta sa baƙar rigar da ta ajiye a ƙasan akwati don ranar binne ta tun ina yarinya, da baƙaƙen takalman da ba su taɓa taka ƙasa ba. Ta taje gashi ta ɗaure.

Na durƙusa a gabanta.

"Kin yi gaggawa a tsakiya," in ji ta. "Wurin gishirin nan. Sau nawa zan ce miki ki ja numfashi?"

"Mama..."

"A kan mai kunnen jaki." Ta girgiza kai. "Duk mazan Mani, a kan wannan."

"Mama, ki yafe mini, na so in ce nawa..."

"Rufe mini baki. Da kin faɗi naki, da na sauko kogon nan da sandata." Ta dube ni sosai. "Ya tashi?"

"Ya tashi."

"To." Ta gyara zaman rigarta a gwiwa. "Ɗora mini kofi, kada ki cika sukari."

Ta sha kofinta. Ta kwana biyu tana ba ni umarni: wa za a ba tukunyar tagulla, wane itace ne ke son sassabe kafin sanyi. A safiya ta uku na same ta a kujerarta, hannu a kan hannu.

Da aka shimfiɗe ta, matan ƙauye suka zauna kewaye, duk ido a kaina, suna jiran 'yar Garifaliya ta saki gashi. Na ce musu, "An yi mata." 'Yan matan ba su gane ba. Tsofaffin suka yi alamar gicciye, biyu daga cikinsu suka ja kujerunsu nesa da tawa. Haka aka ɗauki gwanar ƙauyuka bakwai shiru, ba ko baiti ɗaya.

Mun daina shiga kogon. Likita ya ce wa Lefteris zuciyarsa ce ta yi gargaɗi, ya rage taba, shi kuma ya yarda. Shi ya ɗauki gaban akwatinta, yana kuka kamar yaro, yana cewa har ta tafi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Duk Asabar shi ke hawa maƙabarta ya zuba mai a fitilar kabarinta, ya dawo ya tambaye ni me ya sa ba na zuwa. Ina ce masa gwiwata ce.