'Ya'yan Gwandar Mama

Ranar da wani saurayi ya fara zuwa shagon maganin gargajiya na babanta, Auta ce ke ƙulla garin maganin tsutsar ciki. Ya ce a ɗakin gwaje-gwaje yake aiki, yana so ya gwada garin a kan tsutsa. Garin kallonta ya fita ya manta ƙullin, sai da ta bi shi da shi.

Da yamma saƙo ya shigo ta lambar da ke jikin takardar maganin: "Ƙulli na ɗauka, zuciya na bari. A kula min da ita, Tauraruwa."

Da maganar ta kai kunnen Baba, taɓe baki ya yi.

"Mai leƙen kashin mutane a madubi? Shi zan ba 'yata?"

Shi Baba mai kemis na tsallaken titi yake so ya ba wa ita, wani mai tumbi da ba ya buɗe baki sai ya ambaci motarsa. Baba kuwa akwai ji da kai, shekara talatin yana cika baki da haɗinsa na itatuwa shida.

"Ya je ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. In madubin nasa ya shaida maganina, na ba shi," in ji Baba.

Bayan sati biyu wani saƙon ya zo: "Tauraruwa, akwai matsala. Itatuwan Baba shida, tsutsa ko gezau. Amma ƙullin da kika ba ni ya kashe su. Me ke ciki?"

Tun rasuwar Mama take daka busassun 'ya'yan gwanda tana zubawa cikin garin a ɓoye, kamar yadda Mama ke yi. Baba shirmen mata yake kiransu.

Saurayin ya zo ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Baba ya miƙe ya nuna masa ƙofa.

"Baba," in ji Auta, "akwai na bakwai. 'Ya'yan gwandar Mama ne. Ni nake zubawa."

Can Baba ya gyara hula.

"Yo ai na sani. Gwada ku nake yi."

Ko kunya!

Aka ɗaura aure, Baba ya sa albarka da babbar murya. Sabuwar takardar maganin ta fito: "Itatuwa bakwai, sirrin kakanni." Ko sau ɗaya ba a ambaci Mama ba.

Ango ya karanta, ya yi tsaki, ya ja hannun amaryarsa zuwa tsakar gida, inda ya dasa mata gwanda.

"Wannan ta Mama ce, Tauraruwa."

"Allah ya bar mu tare," ta ce, hawaye na zuba, tana ba gwandar ruwa.