Hannun Aro a Ƙarƙashin Rufi

Rana ta yi ja, inuwa ta cinye tsakar gida, lokacin da kafinta ya sauko daga tsani yana kaɗe tsatsa daga tafin hannunsa. Tela, mai gidan, yana zaune a kan benci yana jiran a faɗa masa kuɗin sabon rufi. Shekara uku ke nan yana tara abin da keken ɗinkinsa ya samo, shekara ukun kuma farashin kwanon rufi yana gudu yana barinsa a baya. Ya ji farashi har kunnensa ya mutu. Yanzu ko me aka faɗa masa, kai kawai yake gyaɗawa.

Kafinta ya yi masa bayani a tsanake. Gidan ba faɗi ne da shi ba, amma rufin yana da lanƙwasa huɗu, kowace lanƙwasa kuma tana cin kwano da ƙusa. Akwai kwano mai kauri, akwai wanda ƙanƙara ɗaya za ta huda. Akwai kuɗin dako, ga damina ta matso, ma'aikata sun fara ɗaga kai. Amma duk wannan, in ji shi, ba shi ne abin tsoro ba. Sai ya nuna silin da haɓa.

"Abin da ke ciki shi ke yanke kuɗi. Bari in ɓalle allo ɗaya in duba katakon."

Tela ya ƙi. Ya san in aka duba za a ga wani abu, abin da aka gani kuma sai an biya shi. Kuɗinsa na kwano ne kaɗai, don haka ya ce a ɗora sabo a kan tsohon katako, tsohon kwanon ma a bar shi a ƙasa. Kafinta ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin telan da ke ɗinka sabuwar riga a kan yagaggiya ba, amma gida gidansa ne.

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan rufin. Ya gangaro a hankali, ya tsaya a gaban ƙafar Tela. Suka duba bayan katanga, ba kowa.

Daga ranar, kullum in rana ta kusa faɗuwa sai duwatsu su fara. Ba su taɓa samun mutum ba. Tsani suke bugu, da wurin da aka jingine sabon kwano bayan an kawo shi. Matar Tela ta ce tana jin nishi a cikin silin, irin na tsohuwar da ta daɗe da kaya a kai. Tela ma ya ji, amma ya ce ɓeraye ne. Ba ƙarfin hali ba ne, gajiya ce ta kai shi inda tsoro ma ba ya samun wurin zama.

Ranar da ma'aikata suka hau da bandir ɗin kwano gaba ɗaya suka jibge shi a tsakiyar rufi, don a fara aiki da safe, ranar abin ya shigo gida. 'Yarsu ɗaya ce, budurwa mai shekara goma sha bakwai, ana ce mata Auta. Tana tsakar ɗaki tana ninke wanki sai wani abu ya yi ƙara a sama, kamar an karya rake. Ta saki zanen da ke hannunta, ta miƙe, ta ɗaga hannuwa biyu sama, tafukan a buɗe suna kallon silin. Haka ta tsaya.

Uwar ta ja hannun, ya ƙi saukowa. Tela ya rataya da duk nauyinsa, kamar ya kama reshen bishiya. Idonta a buɗe yake amma ba ta ganin kowa, gumi yana bin wuyanta. Kwana biyu tana tsaye a wurin, ana ɗura mata ruwa da cokali. Ma'aikata suka ji labari, ba wanda ya sake taka tsanin. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Tela kuwa ya zauna a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa, yana jiran zuciyarsa ta yi wani abu, ba ta yi ba.

A rana ta uku, da yamma, kafinta ya zo da wani malami, dattijo marar yawan magana. Malam ya zauna a tabarma gaban Auta ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Gidan ya yi tsit, har ana jin garin katako yana zubowa daga silin. Karatun ya yi nisa kafin bakin yarinyar ya motsa, muryar da ta fito kuma ta tsohuwa ce, a gajiye.

"Malam, rage karatun nan. In ka ƙona ni, duk kun mutu a ɗakin nan."

Malam bai razana ba. Ya tambaye ta ko ita wace ce, me kuma yarinyar ta yi mata. Ta ce yarinyar ba ta yi mata komai ba, a ƙarƙashinta ma aka haife ta. Ita aljana ce, a cikin silin take zaune tun ana gina gidan. Shekara tara da suka wuce gara ta gama cinye babban katakon da ya ratsa tsakiyar rufin, tun lokacin ita ke riƙe da shi, don nan ne gidanta, kuma ta saba da mutanen ƙasa. Ta yi jifa don a fasa hawa, ta yi nishi don a duba, ba wanda ya duba. Da aka jibga mata sabon kwano, katakon ya tsage.

"Hannuna biyu suka kasa, shi ne na ari nata."

Malam ya ce aro ba da izini ba zalunci ne, ta sake ta. Aljanar ta ce ta sani, amma su zaɓa. Yanzu ko mage ta hau rufin nan zai tafi, balle mutum ya je sauke kaya. In suna so, za ta ci gaba da riƙewa da hannun yarinyar har mai gida ya tara kuɗin katako a tokare daga ƙasa. In ba haka ba ta sake ta yau, rufi ya faɗo da sabon kwanon duka, ya lanƙwashe ya zama na 'yan gwangwan.

Malam ya juya ya dubi Tela.

Abin kunya ne, amma sai an faɗa: Tela lissafi ya shiga yi. Kansa ya tafi da kansa, wata nawa, riga nawa, katako nawa. Ya daɗe yana wannan lissafin har ya zama ba ya iya tsayar da shi. Matarsa ta dube shi. Sai ya ga hannun Auta, jijiyoyin sun fito, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. A lokacin wani abu ya tsinke masa a ƙirji, zafin da ya shekara bai ji ba ya zo masa gaba ɗaya.

"Ki sake ta," ya ce. "Ya faɗo."

Malam ya nemi ta ba su lokacin kwashe kaya. Ta ce tunda an zaɓa, za ta riƙe har haske ya ƙare, ba fiye ba. Ita ma ta nemi abu ɗaya, kada bayan tafiyarta a ce ita ta rushe gidan. Tela ya ce ba zai faɗa ba, ya san wanda ya rushe shi.

Suka yi ta fitar da kaya: katifa, tukwane, akwatin takardu, keken ɗinki da kafinta ya kama masa suka ciccibo. Da duhu ya fara haɗe fuskoki, malam ya ce saura Auta. Tela ya shiga shi kaɗai, ya rungumi 'yarsa ta ƙugu, hannuwanta har yanzu a sama.

"Yi sauri," in ji muryar. "Na gaji."

Ya ɗauke ta ya fito. Ƙafarsa ta biyu tana taka tsakar gida hannuwan suka faɗo a kan kafaɗunsa, laƙwas. A bayansa rufin ya zauna cikin ɗakunan da ƙara mai tsawo, ƙura ta tashi ta rufe su. Da ta lafa, ba a sake jin nishi ba.

Auta ta buɗe ido tana cewa kafaɗunta na ciwo. Ta dubi inda rufi yake a da, ta ga sama. Ta daɗe tana kallo kafin ta juyo gun mahaifinta.

"Baba, ina za mu kwana?"

Bai yi ƙoƙarin lissafa amsar ba. Ya zauna a ƙasa cikin ƙurar, ya kama hannuwanta biyu ya ajiye a kan cinyarsa, yana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya har jini ya dawo cikinsu.