Sifilin da Ya Zube a Hanya

"Ita ai ba ta tambaya, abin da aka miƙa mata take yi."

Ta ji Kawu ya faɗa a waya, bayan firjin magunguna, ta ɗauka yabo ne. Shi ne manajan siton magungunan, shi ya samo mata aikin akawu.

Ranar da aka nemi kwalayen allurar masu ciwon suga aka rasa, Sufeton 'yan sanda ya zo da Sajan, ya ja kujera ya zauna gaban teburinta.

"'Yan mata, an ce ke kike goge kaya daga lissafi."

"Wanda ya fito sau biyu kawai, yallaɓai," in ji ta. "A fayil ake turo mini, in na ga lamba ta maimaitu sai in cire ɗaya."

"Nuna mini."

Ta buɗe fayil ɗin. Ga 71, ga wani 71 a ƙasansa.

Sufeto ya sa aka kira Injiniya, mai gyara musu kwamfuta, ya buɗe ainihin rumbun bayanan. Kwali ɗaya 071 ne, ɗayan 0071. Kwalaye biyu ne daban.

Ashe duk layin da ta goge, kwali guda ta ɓatar.

"Ni na saita shi ya fitar da lamba yadda take, har sifilin gaba," in ji Injiniya. "Wani ya kashe saitin, shi ya sa sifilin ke zubewa."

Sufeto ya juya. "Manaja, wa ke fitar da fayil ɗin?"

Kawu ya yi dariya. "Ni da ko kunna wannan abin ban iya ba? Yaran zamani dai za ka tambaya." Ya nuna ta da haɓa.

Sajan har ya zaro ankwa zai sa mata. Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Injiniya, da sunan wa aka shiga aka kashe?"

Injiniya ya danna, ya juyo da allon. Sunan manaja ne. Ranar kuwa tana gida ba lafiya.

Kawu ya zube kan wani kwali. "Ni ne. Duk wanda ta goge, sai in fitar da shi ta ƙofar baya."

"Innalillahi," in ji Sajan. "'Yar ƙanwarka fa?"

Aka sa masa ankwa. Sun kai bakin ƙofa ta miƙe.

"Kawu, dama don haka ka samo mini aikin?"