Mai Tare Iska

Dogo ya san ya yi ganganci. Magariba ta riske shi a kan keken tserensa yana tsakiyar hawan dutse, ruwa ya ɗauke, gajimare ya sauko ya kwanta a titi. Sai wani mai keke ya wuce shi a hankali, ya shiga gabansa.

"Manne min, ƙanena," in ji mutumin, bai waiwayo ba. "Zan tare maka iska."

Haka 'yan tsere suke yi: na gaba ya sha iska, na baya ya kafa wa tayarsa ido, suna karɓar juna. Dogo ya duƙar da kai ya bi.

Hawan ya ƙara tsanani. Dogo na haki, sarƙar kekensa na kuka. Daga gaba kuwa, tsit, ko numfashi babu. Kwalta a jiƙe take sharkaf, amma tayar mutumin ba ta fantsamo masa ko ɗigo ba.

Kunya ta kama Dogo, an daɗe ana yi masa wahala.

"Yaya, gusa in karɓe ka."

"Bari dai, mun kusa."

"Haba, ai ba a haka."

Dogo ya ɗago kai zai wuce, sai ya damƙe birki. Titi ya riga ya karya hagu. Tayarsa na bakin kwazazzabo, tsakuwa na zubewa ƙasa, ba a jin saukarta.

Can gaba, inda babu komai sai gajimare, mutumin yana ta murza feda. Ya miƙo hannu baya, yana yafito shi.