Injin Ilarie

Gishiri da garin masara kawai za mu kai wa makiyaya a kan dutse, mu karɓo cuku mu sauko kafin duhu. Amma gaskiyar magana, so nake in gwada motata.

Tsohuwar motar soja ce ta zamanin gurguzu. Na tsinto ta a bayan wani gidan gona, kaji na ƙwai a kujerarta. Shekara biyu ina fama da ita. Na ɗaga ta, na sa mata manyan tayoyi, na yi wa tagoginta waldar ragar ƙarfe saboda rassan daji. Abu ɗaya ya rage, injin da ake ɗaurawa a gaba mai naɗe igiyar ƙarfe, wanda ke fisgo mota in ta kafe a laka.

Abokina Ilarie yana da irinsa. Wata guda kafin wannan rana motarsa ta faɗa da shi kwazazzabon da ke ƙasan hanyar makiyaya. Nan ya rasu. Aka jawo motar aka ajiye a bayan gidansa. A wajenmu kayan mamaci nasa ne har ranar arba'in, lokacin da iyalinsa za su miƙa su da hannunsu, da kyandir a kunne, mai karɓa ya yi masa addu'a. Na san wannan sarai. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ran da matarsa ta tafi coci na je da sufana na kwance injin, na ɗaura a motata.

Ranar tafiyar, matata Aurica ta shiga motar tana toshe hanci.

"Sever, wannan akwalar ce ta cinye min kai shekara biyu? Ko tagar kirki babu. Kamar kejin zomaye."

"Ke dai zauna ki ga aiki. Yau za ki nemi gafararta."

Mun wuce rabin hanya, rana ta faɗa bayan dutse, sai muka nutse a laka har gindin ƙofa. Aurica ta kwashe da dariya. Ni kuwa daɗi na ji, ga dama ta samu. Na fita na jawo igiyar, na maƙala ƙugiyarta a wata ƙatuwar bishiya can sama a gefen dama. Na dawo na danna maɓalli.

Injin ya yi gurnani, motar ta fito sumul. Ta shiga wani matsattsen wuri inda ruwan sama ya ƙwaƙule hanya, bangon ƙasa hagu da dama, har yana gogar madubi.

Na ɗage yatsana. Injin bai tsaya ba.

Na sake dannawa, na saki. Yana ta naɗewa, ƙir, ƙir, ƙir.

"Ya isa haka, ai na gani," in ji Aurica.

Na kashe mota. Na miƙa hannu ƙarƙashin kujera na murɗe makashin batir. Fitilu suka mutu. Babu sauran wuta a jikin motar ko ta kunna sigari, amma sautin bai canja ba.

A lokacin na lura da igiyar. Ba ta nufi bishiyar ba. Ta miƙe ɗoɗar zuwa hagu, inda matsatsin ya ƙare, ta lanƙwasa ta bakin kwazazzabo ta yi ƙasa.

Na taka birki da ƙafa biyu. Tayoyin suka daina juyawa, motar ta ci gaba da tafiya a kan laka.

"Buɗe ƙofa," ta ce a hankali.

Na tura. Ƙofar ta buɗe faɗin yatsa biyu ta daki bango. Tata ma haka. Ta kama ragar tagar tana jijjigawa. Ni na yi waldar nan, na san ko da guduma sai an sha wuya.

Sai wari ya cika motar. Taba mai arha, da ɗanyen garin katako, da man zarto. Shekara talatin ina zama kusa da wannan warin a jikin Ilarie.

Aurica ta daina jijjiga ragar.

"Sever." Da kyar nake jin muryarta. "Ina ka samo injin nan?"

Na kawar da kai.

"Kwanansa nawa yau da rasuwa?" ta ce.

"Talatin da ɗaya."

Ta yi alamar gicciye. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kujerar baya ta yi ƙara, irin ta mutum mai nauyi in ya gyara zama.

Ban waiwaya ba. Ita ma ba ta waiwaya ba.

Wani sanyi ya sauka a wuyana. Numfashi ne, a hankali, mai ɗan shaƙewa.

Taku goma ya rage mu kai bakin kwazazzabon. Ina jin ruwa na gudu can ƙasa.

Ƙir, ƙir, ƙir.

Taku biyar.

Aurica ta damƙi hannuna, farcenta ya shige. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya a kansa, don ita ba ta ɗauki komai na kowa ba.

"Ilarie," na ce. "Naka ne. Sata na yi. Ɗauki abinka, ka bar min ita."

Hancin motar ya leƙa sarari.

Numfashin ya tsaya.

Sai ƙara, kamar an harba bindiga. Ƙarfen gaba ya yage, injin ya tafi da shi. Muka ji yana dukan duwatsu, yana dukan duwatsu, har muka daina ji.

Motar ta tsaya, tana ɗan rawa. Muka rarrafa ta kan buhun gishiri muka fita ta ƙofar baya. Kujerar da muka tsallaka babu kowa, amma a lotse take, kuma hannuna ya ji ta da sanyi kamar dutsen rafi. Da ƙafa muka sauko gari.

Ban koma ɗauko motar ba. Makiyaya sun ce tana nan, sun kewaye ta da sabuwar hanya.

Ranar arba'in na je kabari tare da kowa. Da aka gama addu'a na tsaya gaban Veturia, matar Ilarie, na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da kyandir guda wanda ba a kunna ba, an ɗaura masa 'yar takarda da sunana.

"Na raba rigunansa, na raba zartonsa," ta ce. "Wannan na injin ne. Tun bara yake cewa in motarka ta tashi kai zai ba, don tasa ta kusa hutawa. Na je in sa a kwance maka, na tarar babu."

Ta sa min kyandir ɗin a hannu.

"Kwana tara, Sever. Kwana tara kawai za ka jira."