Muryar Auta a Jan Rediyo

Don girman Allah, duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, ko ya gane gidan, ya bar abin a cikinsa. Kada ya kama sunana a gaban kowa. Ni ma ba ni labarin aka yi, na wasu mutane ne can. Kuma karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da ni.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, rufin kwano, da ɗan tsakar gida. Mutum huɗu ne a ciki: Baba, Mama, Yaya da Auta. Baba tsohon direba ne, ciwon baya ya sauke shi daga mota. Tun daga nan ba shi da aiki sai tara tsofaffin rediyoyi, irin masu cin kaset ɗin nan, masu mariƙi a sama, waɗanda samarin da suke saɓawa a kafaɗa. Ba ya sayarwa, ba ya ba da aro. Da suka kai ashirin sai ya ce ɗakin yara ya fi ko'ina rashin danshi. Aka jawo katifar Yaya da Auta zuwa falo, aka kafa kantoci har sama. A hankali suka kai arba'in.

Mama takan ce, "Baban yara, 'ya'yanka arba'in suna ɗaki, baƙi biyu suna falo."

Shi kuma ya ce, "Na ɗakin ba sa cin abinci, ba sa mayar min da magana."

Dokarsa biyu ce. Ba a barin batir ya kwana a cikin rediyo, don yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. Kuma kaset ɗin da rediyo ya zo da shi a ciki ba a raba su. Yakan karya ɗan kunnen nan na ƙeyar kaset, ya bar rami, don kada a yi kuskuren ɗaukar wata magana a kai. Yaya ce mai goge su kullum bayan la'asar, da buroshi mai laushi. Tun da ta faɗi jarrabawa sau biyu Baba ya ce kanta na shara ne, ba na boko ba. Shekararta goma sha biyar. Ba ta magana sosai, amma tana kallo. Ta sha ganin yadda yake cusa 'yar takarda a ramin kaset in yana so ya gwada ko rediyo yana ɗaukar murya.

Na arba'in da ɗaya ja ne. Wata tsohuwa mai ɗinki ce ta rasu, 'ya'yanta suna kwashe kayan ɗakinta, Baba ya samo shi a wurinsu. Akwai kaset a ciki, babu rubutu a jikinsa. Sau ɗaya ya kunna. Sai ga muryar tsohuwa tana rera wani abu da hanci, ba kalma ko ɗaya, keken ɗinki yana tafiya a ƙasan muryar. Jikin Mama ya yi sanyi. Baba kuwa ya sa kunne a lasifika ya ce, "Ji yadda yake fitar da sauti, tas!" Ya zare batir, ya ɗora shi a kanta ta sama.

To, Yaya tana da wani abu a ranta da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Takan yi waƙa ƙasa-ƙasa in tana wanki, har wata maƙwabciya ta taɓa cewa muryarta da daɗi. Ita ba ta taɓa jin kanta ba. Sau ɗaya kawai take so ta ji.

Ranar Baba ya tafi wurin abokinsa Mai Agogo, Mama ta tafi kasuwa. Yaya ta zare batiran babbar tocila, ta sauko da jan rediyo, don shi kaɗai ta ga an kunna kwanan nan, ta tabbata yana aiki. Ta murɗa takarda ta toshe ramin. Sai kunya da tsoro suka hana ta fara waƙar. Ta leƙa ta kira ƙanwarta.

"Auta, zo ki yi magana a nan, mu ga ko yana ɗauka."

Auta shekararta bakwai, bakinta ba ya hutawa, Baba yana ce mata rediyo mara makashi. Yaya ta danna jan madannin da na kusa da shi tare, zaren kaset ya fara juyawa.

"Ni ce Auta. Haƙorina biyu sun fita. Ina da kyanwa, amma ba tawa ba ce, zuwa take yi. Yaya, in yi waƙa?" Ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi waƙar, ta ƙara wata, ta ba da labarin kyanwar tun daga farko.

Kafin Yaya ta karɓa ta yi tata, sai suka ji tarin Baba a bakin ƙofa. Ta fizge batir, ta zare takarda, ta mayar da rediyo. Ta damƙi hannun Auta har farcenta ya shiga.

"Rantse ba za ki faɗa ba."

"Na rantse, Yaya. Sake ni, da zafi."

Magariba ta yi kamar kullum. An yi salla, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Mama ta zuba abinci. Sararin sama bai gama duhu ba. Sai dutse ya faɗo a kan kwano. Ƙarami ne, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Kowa ya ɗaga kai. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, ba sauri, kamar mai jifan yana ƙirgawa.

Baba ya ɗauki tocila zai duba, ta ƙi kamawa. Ashe garin saurin mayar da batiran, Yaya ta juya ɗaya a baibai. Yana bubbuga ta a tafin hannu, sai jifan ya tsaya cak. Unguwar ta yi tsit, ko kukan yaro babu.

Daga ɗakin rediyoyi aka ji wani huci. Keken ɗinki ya yi taku biyu, muryar tsohuwa ta fara, ta yanke. Sai kuma, "Ni ce Auta. Haƙorina biyu sun fita."

Ga Auta zaune a gabansu, cokali a hannu, bakinta a rufe.

Baba ya shiga ya fito da jan rediyo yana ta magana a hannunsa. Ya buɗe murfin batir, wayam. Mama ta kama salati. Amma shi ba tsoro ne ya fara zo masa ba, Auta ya juya ya duba.

"Ke kika shafe min kaset?"

Ya ajiye rediyon a hankali a kan kujera, sannan ya zare bel. Auta ta buɗe baki za ta yi ihu, babu abin da ya fito. Ya yi ta zuba mata, ana jin ƙarar bel, ana jin dariyarta a rediyo, ita kuwa ko uffan. Yaya tana bakin famfo tana wanke kwano ɗaya, ta ɗauraye, ta sake wanke shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kwana uku haka. Da an yi sallar magariba jifa zai fara, ba ya tsayawa sai an kira isha'i. Auta ba magana, sai nuni da hannu. A rana ta huɗu da yamma ta hau kujera ta zauna a duƙe kamar tsohuwa, ƙafarta tana sama tana ƙasa kamar mai taka keke. Mama ta yafa mayafi, ba ta tambayi kowa ba, ta je ta taho da Malam.

Malam dattijo ne marar hayaniya. Ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya ba Yaya ta riƙe. Ya zauna gaban Auta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har hasken tsakar gida ya koma toka-toka. Sai ƙafar Auta ta tsaya. Bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ya haɗa ka da yarinya ƙarama?"

"Shekara talatin ina zaune a ƙarƙashin keken tsohuwar nan. Ban taɓa cutar da ita ba. Kowace magariba tana ɗinki tana rerawa, ni ina ji. Da ta mutu sai na shiga ramin batir na kwanta kusa da abin da ya rage nata. An kawo ni nan, ban ce komai ba. Ranar nan na kunna in ji ta, sai na ji wannan tana ba ni labarin kyanwa."

"Yarinya ce, ba ta sani ba. Me za a yi ka sake ta?"

"A ba ni akwatin. A kai shi bayan gari da kaset ɗin a ciki, a haƙa rami a binne, in kwanta da sauran takun kekenta. In an yi, zan saki maƙogwaron."

Malam ya sauke ajiyar zuciya. "Abu ya zo da sauƙi. Maigida, miƙo shi."

Baba bai motsa ba. Rediyon yana kan cinyarsa, ya ɗora hannu biyu a kai.

"Malam, tambaye shi ko zai karɓi baƙin can mai lasifika biyu. Ya fi wannan ƙara."

Malam ya dube shi, ya yi zaton bai ji daidai ba.

"In haɗa masa da shuɗin. Uku ma. Wannan eriyarsa ta asali ce, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Shekara tara ina neman irinsa, a ce in zuba masa ƙasa?"

Mama ta zube ta kama ƙafarsa. "Baban yara, 'yarka ce fa! Auta ce!"

"Ai ba mutuwa ta yi ba, surutu ta daina. Kuma ita ta jawo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Abin da ke cikin Auta ya yi dariya, dariyar da ta sa ruwan kwanon Yaya rawa.

"Ita ta jawo? Akwai bakin da ya yi magana, akwai hannun da ya danna. Na kama bakin ne don shi na ji. To ga wata hanya, tunda akwati ya fi ƙarfinku. Mai hannun ya ce ni ne. In saki wannan, in ɗauki tasa muryar."

Malam ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta san abin da ya kamata ta ce. Kalma biyu ce kawai. Ta tuna bel. Ta tuna waƙarta da ba ta taɓa ji ba, wadda in ta buɗe baki yanzu ba za ta ƙara yi ba har abada. A daidai lokacin idon Auta ya juyo kanta, kuma ba idon aljani ba ne, na Auta ne, yana jira. Yaya ta sunkuyar da kai tana kallon ruwa.

"Ni ce!" in ji Mama. "Ni na danna. Ɗauki tawa."

"Ƙarya kike yi, baiwar Allah. Amma ke kaɗai ce mutum a gidan nan."

Malam ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, gumi yana zubo masa. Jikin Auta ya sandare.

"Zan fita, Malam, daina. Ba karatunka kaɗai ya kore ni ba. Tsohuwata takan raba abincinta da kyanwar da ba tata ba. Ni ba zan iya zama da waɗannan ba. Amma murya, inda aka sa ta a nan na bar ta."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin Mama. Can aka kira isha'i. Malam ya tashi ya sa takalmi, Baba ya miƙa masa hannu, ya yi kamar bai gani ba.

Tun daga ranar ba a ƙara jifa ba. Auta tana ci, tana sha, haƙoranta sun fito, amma ko tari ta yi ba a jin ƙararsa. An kai ta asibiti, an ce maƙogwaronta lafiya lau. Kyanwar ma ta daina zuwa, don babu mai kiranta.

Duk Asabar abokan Baba, Mai Agogo da Mai Walda, sukan zo kallon rediyoyi. Baba yakan sauko da jan, ya sa masa sababbin batira, ya danna. "Ni ce Auta. Haƙorina biyu sun fita." Sai ya jingina da kujera ya ce, "Kun ji aiki? Kamar tana gabanka." Ita kuwa tana gabansa, riƙe da tiren ruwa. A cikin kaset ɗin akwai inda take cewa, "Yaya, in yi waƙa?" Baba bai taɓa lura ba, shi lasifika yake saurare. Mama ba ta shiga ɗakin. Yaya kuwa ko wanki take yi bakinta a rufe yake, waƙar da ta tsare ba ta ƙara fitowa ba.

Yanzu Mama ta saya wa Auta littafi da fensir, wata malama a maƙwabta tana koya mata rubutu. Kanta yana ja ƙwarai. Ta iya rubuta Mama, ta iya ruwa, ta iya hannu. Duk kalmar da ta koya, kafin ta kai wa Mama sai ta fara kawo wa Yaya. Ta ajiye mata littafin a cinya, ta tsaya tana kallonta, ba fushi, ba murmushi. Shekaranjiya ta kawo kalmar rediyo. Jiya ta kawo ja. Ban san ranar da za ta iya haɗa su ba, kuma katifarmu ɗaya. Katifarsu, nake nufi.

Tsaya, labule yana motsi. Tafiyar ba ta da ƙara, ita ce, kuma da littafin a hannunta