Takalman Froso

Shekara uku, tun rasuwar matata Froso, ina zuba wa gunkin Herakles, jarumin Girkawa, giya a gindin lemon gidana a Oakleigh ta ƙasar Ostareliya. An ce ya taɓa ƙwato matar wani daga hannun mutuwa, amma ni ko tari bai yi mini ba. Daren da na ɗauko guduma zan fasa gunkinsa, na tarar da wani ƙato tsugune a wurin, yana warin ɗanyar fata. Herakles ne da kansa.

“Giyarka ta arha ce, Baba Stamati.”

“Aikinka ma haka. Ina matata?”

Ya nuna bayansa da haɓa. Mace ce tsaye cikin lulluɓi, ba ta numfashi. Na dubi ƙafafunta. Takalmin dama yana hagu, yadda na saka wa Froso ranar jana'izarta.